Cokalin Inna

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, kuma babu wanda ya san wa zai riga wa. Wannan maganar ta ƙarshe ita ce mutane suka yi ta juyawa a bakinsu a gidanmu sa'ad da Inna, uwar mijina, ta rasu.

Labarin ya fita a gurguje. An ce an yi rasuwa a gidan tsohon dillalin raƙuma da ke bayan kasuwar Tawa, kuma duk wanda ya ji bai tsaya tambayar wane ne ba. Shekara da shekaru Baba, mijin Inna, yana zaune da shanyayyen ɓarin jiki, ko ruwa ba ya iya sha kamar kowa. An daɗe ana sauraron labarinsa. Saboda haka mutanen Affala da na Kalfu suka taho da gaisuwarsu a shirye, wadda za su yi wa Inna: Allah ya ba ki ladan jinya, ya huta, kin huta. Suna shigowa sai su tarar da Baba a ƙarƙashin rumfa, an jingina shi da matashin fata, yana kallonsu da idonsa ɗaya mai lafiya. Ana zaton wuta a maƙera, ta tashi a masaƙa. Na ga mutane da yawa sun tsaya cik a bakin zaure, gaisuwar ta maƙale musu.

Wadda ta fi ba ni tausayi ita ce taubashiyar Baba, wata tsohuwa daga Affala da suka yi wasan taubasai tun suna yara. Ta iso washegarin jana'iza a kan jaki, ta shigo tana kiran Inna don ta rungume ta. Da ta ga Baba sai ta tsaya ta ce, "Ashe kai kana nan zamne? To wa munka zo yi ma kuka?" Ta dubi ƙofar ɗakin Inna, ta ga takalman mata jibge, ta gane. Ta zauna a ƙasa inda take. Can ta so ta yi masa irin wasan da suka saba, ta ce ko mutuwa ma ta raina shi ta tsallake shi, amma muryarta ta karye kafin ta ƙarasa, ba kuma wanda ya yi dariya.

A ɗakin mata, bayan an gama addu'a, maganar da ake yi ƙasa-ƙasa ɗaya ce, cewa Baba ma ba zai daɗe ba. Ba mugunta ba ce, lissafi ne kawai na abin da kowa ke gani. Inna kaɗai ta san yadda ake ba shi abinci da magani ba tare da ya ƙware ba. Mijina, ɗansu namiji ɗaya, yana Abijan wajen ci-rani tun bayan kaka, kamar yawancin mazan Adar. 'Yan'uwansa mata biyu suna aure a Tebaram, kowace da nata gidan. Wadda ta rage a gidan ni ce, matar ɗa. Matar ɗa kuwa a wurinmu ba ta kallon fuskar surukinta, balle cikin bakinsa.

Ina so in faɗi wace ce Inna kafin a manta, don na ga yadda ake mantawa. An riga an fara cewa mace ce mai haƙuri, a yi shiru. Ni da na zauna da ita ba zan ce haka ba. Inna ba ta da haƙuri ko kaɗan. Abin da take da shi naci ne.

Baba ya faɗi ne a kara, kasuwar dabbobi, yana tsakiyar ciniki, a shekarun nan na farko bayan tafiyar Nasara, lokacin ina goyon fari. Mutum ne da ake jin muryarsa daga wannan gefen kasuwa zuwa wancan. Aka kawo shi gida baki a karkace, hannu da ƙafa na hagu sun mutu, maganarsa ta koma kamar ta mai tuwo a baki. Duk abin da aka ba shi ya sha sai ya dawo ta hanci, ko ya sarƙe shi ya yi ta tari.

Ƙanensa, wanda muke kira Baffa, malami ne, kuma yana son yayansa ƙwarai. Ya yi rubutu ya wanke cike da ƙwarya. Da Baba ya kasa sha, sai maza suka yi abin da kowa ya sani a ƙasar nan, wato ɗura. Haka ake yi wa jariri in ya ƙi kunu, haka ake yi wa raƙumi in za a ba shi kanwa. Suka kwantar da shi, ɗaya ya riƙe kai, ɗaya ya toshe hanci, Baffa ya tuttula. Inna tana tsaye ba ta hana ba, don ita ma haka ta yi wa 'ya'yanta duka. Baba ya yi ta fizge-fizge, idonsa ya firfito, aka ce ciwon ne ke fita. Bayan 'yan kwanaki zazzaɓi ya rufe shi, ƙirjinsa yana ƙara, numfashi yana yi masa wuya. A kan amalanke aka kai shi likita, wato asibiti.

A can ne wani anfarme, ma'aikacin jinya mutumin Damagaram, ya zaunar da Inna ya yi mata bayani bayan an fara yi wa Baba allura. Ya ce maƙogwaro hanya biyu gare shi, ɗaya ta ciki, ɗaya ta ƙirji, akwai kuma abin da ke rufe ta ƙirjin duk lokacin da mutum ya haɗiye. Na Baba ya yi nauyi, ba ya rufewa da wuri, ruwa kuma yana da sauri, sai ya riga shi shiga. Ruwan da ya shiga ƙirji shi ne ya zama wannan zazzaɓi. Inna ta dawo gida. Da yamma na ji tana cewa, ita kaɗai a bakin murhu, ashe da hannunmu muka so kashe shi.

Daga ranar ta zama 'yar gida a likita. Duk ƙwayar da aka rubuta wa Baba sai ta ƙulle ta a bakin zane ta koma wurin anfarmen ta baje masa a tafin hannu, ta tambaye shi ɗaya bayan ɗaya wace ake niƙawa, wace ba a niƙawa. Shi ya gaya mata farar nan mai tsaga a tsakiya ana iya murje ta, amma jar mai santsi an yi mata riga ne da gangan don kada ta narke da wuri, in aka fasa ta sai ta yi ɓarna. Kafso kuma, mai kwanso da gari a ciki, kada ta buɗe shi sai ya ce. Inda akwai na ruwa mai kauri ko allura, yakan canza mata. Wani lokaci sai ya ce bai sani ba, ta jira ya tambayi lokotoro, babban likitan, ita kuwa ta zauna a bakin ƙofa har sai an fito mata da amsa. Sauran abin, na kauri da na zama da na lokaci, ita ta gano shi a hankali, tana gwadawa tana kallon Baba.

Cokali ɗaya ne take amfani da shi, ƙarami, na ƙarfe, wanda bakinsa ya cinye a gefe. Ba mai taɓa shi. Yana soke a jikin azarar ɗakinta. Kafin ta ɗauko shi sai ta tabbata Baba ya farka sosai, don ta ce mai gyangyaɗi ba ya haɗiya, ko da ya buɗe baki. Ta tayar da shi zaune, ta cusa matashin fata a bayansa da buhun dusa a gefen da ya mutu don kada ya zame. Ta goge masa baki da ɗanyen tsumma. Kunun kuwa ni nake damawa, amma ita ke yanke hukunci. Ta ɗebo a cokali ta karkata shi. In ya tsiyaye, ya yi ruwa. In ya maƙale, ya yi tauri. Sai wanda ya sauka a hankali, a dunƙule. Na sha mayar da kunu kan wuta ina gunaguni a raina.

Maganin ba ta zuba shi cikin kwano duka, don ta ce in bai shanye ba ba ta san nawa ya shiga ba. A cokalin farko da na biyu take sa shi, da ɗan zuma in akwai. Kuma ba ta taɓa ɓoye masa ba. Wata maƙwabciya ta ba ta shawara ta riƙa saka masa a ɓoye tunda yana ƙin ɗacin, Inna ta ce mutumin da ya yi shekaru yana gane raƙumin da aka shafa wa mai don a ɓoye ƙazuwarsa ba ita za ta yaudare shi da kunu ba. Kullum sai ta ce masa, wannan da magani. Ta sa ya sunkuyar da haɓa kamar mai duban tasbaharsa, ta sa cokalin ta ɓangaren da ke da rai, ta ɗora yatsu biyu a maƙogwaronsa tana jiran ya hau ya sauka. A lokacin nan ba a yi masa magana. Kaji ma korarsu take yi. Mai sallama ya yi ta sallamarsa a zaure har ya gaji.

In ya haɗiye sai ta buɗe bakinsa ta leƙa kuncin hagu, inda abinci ke ɓuya bai sani ba. Sannan ta ce, "Yi magana in ji." Abin da take saurare shi ne muryar. In ta fito a bushe, abin ya bi hanya. In ta fito da ƙarar ruwa-ruwa, sai ta ajiye cokali ta bar shi ya yi tari ya huta. Shi kuwa Baba amsarsa ɗaya ce duk tsawon shekarun nan, safe da yamma, da wannan harshen nasa mai nauyi: "Kin cika hwaɗa." Ita kuma ta ce, to, ya wuce, ta ɗebo na gaba. In an gama ba ta barinsa ya kwanta sai ya daɗe a zaune, ko yana magiya.

Rigimarta da Baffa ta zo ne bayan an sallamo Baba. Baffa ya sake zuwa da ƙwaryar rubutu, Inna ta tare ƙofar rumfa da jikinta. Ya ce ta fifita maganin Nasara a kan ayar Allah. Maganar ta yi mata zafi, don mace ce mai sallah, amma ba ta matsa ba. Ta ce, "Ayar Allah ba ta kashe kowa, Malam. Ruwan da kaz zuba mata shi ka kisa. Miƙo nan." Ta karɓi ƙwaryar, ta dama garin gero da rubutun ta ɗora a wuta har ya yi kauri, ta ba Baba da cokali yana kallo. Baffa ya ce tun da yake bai taɓa jin an ci rubutu da cokali ba, ya kaɗe rigarsa ya fita. Damina guda bai taka gidan ba. Da ya dawo sai muka lura rubutun nasa yanzu ruwa kaɗan yake wanke shi da shi, ɗan abin da zai isa damu. Inna kuwa ta aika masa da tuwo mai yawa ranar.

A hankali aka san ta a unguwa. Duk gidan da tsoho ya fara ƙwarewa sai a aiko. Ba ta zuwa da daɗin rai, tana tafe tana mita cewa nata majinyacin ya ishe ta, amma tana zuwa. Na tuna wasu Buzaye da suka sauko daga arewa da tsohuwar uwarsu, suka sauka a gidan maƙwabcinmu. Ba su jin Hausa sosai, ita ba ta jin nasu. Ta je ta tarar sun kwantar da tsohuwar suna ɗiga mata nono. Ta tayar da ita zaune, ta kama hannun 'yar ta ɗora a maƙogwaron uwar, ta ɗora ɗaya hannun a nata maƙogwaron ta haɗiye, ta sake haɗiyewa, har yarinyar ta gane abin da ake jira. Da za su koma suka kawo mata cuku, ta ce Baba ba ya iya ci, ta raba wa yara.

Kada a ɗauka ba ta gajiya. Ta gaji, kuma tana faɗa. Ba ta je biki ba, ba ta je suna ba. 'Yarta ta haihu a Tebaram ba ta je ba, sai da aka kawo mata jikan yana zama. Wata rana da zafi, Baba ya riƙe kunu a baki ya ƙi haɗiyewa, ta lallashe shi, ta yi faɗa, ya dai ƙi. Sai na ji ƙarar cokali a jikin bango. Ta fito ta wuce ni ta zauna a bayan rumbu, ta rufe kai da zane. Na kai mata ruwa, ta ce mini ta roƙi Allah ya ɗauki ɗaya daga cikinsu, ko wane ne, kuma ba ta ji kunyar roƙon ba. Ta daɗe a nan. Sannan ta tashi ta tsinto cokalin ta wanke, ta ce in sake ɗumama kunun.

Tawa rigimar da ita kuwa ta fi ta Baffa daɗewa. Ta so in koya. Ni kuma ina yin komai, daka da tankaɗe da damu da wankin tsummoki, amma ban da zama gaban Baba. A Kalfu aka haife ni, kuma yadda uwata ta rene ni, suruki ba a faɗin sunansa, ba a cin abinci a gabansa, in za a gaishe shi a durƙusa ake a kau da kai. Takalmina nake cirewa in zan wuce rumfarsa. Duk zaman da na yi a gidan, ƙafafun Baba na sani, da faso da tabon da igiyar raƙumi ta bar masa a idon sawu. Fuskarsa sai dai abin da na hanga ta gefen ido. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, Amarya take ce mini har na yi 'ya'ya huɗu. Takan ce, "Amarya, ranar wanka ba a ɓoyon cibiya." Ni kuma in ce me za a ce a bakin rijiya, me za a gaya wa uwata.

Sau ɗaya ta ja ni da ƙarfi ta zaunar da ni a gabansa. Ban ma kai ga ɗaga kai ba, Baba ya sa hannunsa mai lafiya ya ja rawani ya rufe bakinsa, ya juya ga bango. Shi ma kunyar yake ji, wataƙila fiye da ni, don shi ne za a ga miyau yana zuba daga bakinsa. Inna ta dube shi ta dube ni ta ce, "Kun haɗa kai ke nan. To ku yi ta kumyarku. Ran da ba ni nan, kumya ta ba shi." Har yau ban ga laifina a nan ba, ban kuma ga nasa ba. Da a wani abu ne na yi rashin kunya, ita ce za ta fara yi mini tas. Abin da ta iya samu daga gare ni shi ne in zauna a bayanta, jikina a ɓoye, ina kallon hannunta ta kan kafaɗa. Haka na san aikin hannun duka ban san fuskar ba.

A bazarar nan ta rame, muka ce zafi ne. Zazzaɓi ya kama ta, ta ƙi kwanciya. Ranar ƙarshe ba ta iya miƙewa ba, ta sa na riƙe ta muka je rumfa, ta ba Baba maganin safe, ta leƙa kuncinsa, ta ji muryarsa. Da na mayar da ita ɗaki ba ta yi wata wasiyya ba. Ta ce kawai kunun jiya ya yi ruwa, kuma jar ƙwayar ba a niƙa ta. Kafin la'asar ta cika.

Ranar Baba bai ci komai ba, ba wanda ya matsa masa. Washegari Baffa ya ɗauki cokali ya gwada, Baba ya datse baki. 'Ya'yan mata ba su riga sun iso ba, ko sun iso ma ba su san aikin ba. Zafin bazara kuwa ba ya jiran makoki. Zuwa azahar leɓunansa sun tsattsage, maganin safe yana nan a ƙulle. Ina bakin murhu ina dafa wa baƙi abinci, ina sane da komai, ina ce wa kaina wani zai yi.

Taubashiyar tasa ce ta kasa jurewa. Ta ɗebo ruwan randa a ludayi, ta tallafi ƙeyarsa ta ɗaga kansa baya, tana cewa sha, ɗan'uwana, kada ƙishi ya kai ka inda ta tafi. Wani daga cikin mazan ya ce a kwantar da shi a yi masa ɗura kawai, a taimake shi. Ƙauna ce duka. Sai na ji tarin. Na san tarin nan, na ji shi shekarun baya kafin a kai shi likita a kan amalanke.

Ban san lokacin da na ajiye muciya ba. Na ratsa tsakar gida da takalmina a ƙafa, cikin mutane, na durƙusa na karɓi ludayin daga hannun tsohuwar. Ban ɗaga murya ba. Na roƙe su don Allah su ba mu wuri, na ce Inna ba ta bari a yi masa magana in zai sha. Suka dubi juna. Baffa ne ya fara tashi, ya ce a bar ta, sauran suka bi shi. Na sunkuyar da Baba gaba ya gama tarinsa, na gyara matashin da buhun dusa. Na dama kunu, na karkata cokali na ga saukarsa, na murje farar ƙwaya, na dawo na zauna a inda Inna ke zama.

Na ɗaga kai. Fuskar ƙarama ce, ba kamar yadda na zata ba. Idon hagu yana zubar da ruwa shi kaɗai. Goshinsa irin na ɗana na biyu ne sak, ban taɓa sani ba. Ya dube ni, ya ja rawani ya rufe bakinsa.

Na ce, "Baba, ni ma kumya nika ji. Amma ba kowa sai mu."

Mun daɗe a haka, cokali a hannuna, kunun yana hucewa. Ina jin idanun mata a bayana daga ƙofar ɗaki. Can hannunsa ya sauka da rawanin. Na ce, wannan da magani. Ya sunkuyar da haɓa da kansa. Na sa cokalin ta dama, na ɗora yatsuna a maƙogwaron surukina, na ji ya hau ya sauka. Na buɗe bakinsa na leƙa kuncin hagu, babu komai. Saura murya. Ta yaya zan ce wa Baba ya yi magana? Da ƙyar na ce, ƙasa-ƙasa, Baba, don Allah ka yi magana in ji.

Har na zaci ba zai yi ba. Sannan ya ce, "Ba ki iya hwaɗa ba."

Muryar a bushe take. Na ɗebo na gaba, hawaye yana hana ni ganin cokalin sosai.

Yanzu an yi sadakar arba'in, baƙi sun watse, 'ya'yan mata sun koma Tebaram. An aika wa mijina, ba mu san ko saƙon ya same shi ba. A bakin rijiya an yi maganata, wasu sun ce na kyauta, wasu sun ce matar ɗa ba ta yin haka ko da me, uwata kuma ta aiko cewa ta ji, ba ta ce komai bayan haka ba. Ni dai na gaji. Safe da yamma, ga yara ga daka ga tafiya likita da ƙwayoyi a bakin zane. Bayana yana ciwo a daidai inda Inna take dafawa in ta miƙe. Yanzu na san abin da ya kai ta bayan rumbu, kuma ina jin haushin kaina da na kai mata ruwa kawai a ranar. Ina kewarta fiye da yadda na zata zan yi kewar uwar miji.

Allah ya jiƙan Inna, ya yafe mata faɗanta da roƙon da ta yi a bayan rumbu, ya sa kowane cokali da ta ɗaga ya tarar da ita a mizani. Ya shayar da ita ruwan da ba a ƙwarewa da shi, ta sha a tsaye ko a kwance yadda ta ga dama.

Jiya da safe na ba Baba maganinsa, ya yi kamar ya haɗiye. Na leƙa sai ga shi dunƙule a kunci, a ɓangaren da ke da rai, inda ya san sarai yana nan. Ban yi barcin kirki ba, ƙaramin yarona yana zawo, wutar murhu ta mutu sau biyu. Na ji kaina ina cewa wannan wace irin wahala ce, shi yaro ne da za a yi ta bi, ko so yake in bar kowa da komai in zauna gadin bakinsa, ya haɗiye yanzun nan ina kallo. Ya haɗiye. Na ce yi magana in ji.

Ya ce, "Kin cika hwaɗa."

Daga nan ba wanda ya motsa a cikinmu. Ya kafa ido a ƙofar ɗakinta, ni ma na juya na duba, ko da na san a rufe take. Kunun ya fara yin fata a sama. Na goge masa ido da bakin zanena, duka biyun, na ce to, ya wuce, na ɗebo na gaba.